Sai an Ɗora Mata Kaya

Shekarata 14 lokacin da mahaifina ya yarda in bi shi tafiya a hutun makaranta. Direban tirela ne, siminti yake ɗaukowa daga Gboko ya kai Jos, kuma motar da yake ja a lokacin rabinta nasa ne, rabi na masu binsa bashi. Mun sauko ba kaya, muka tsaya a wani gareji a Lafiya don a juye baƙin mai. Bakaniken da ya yi aikin saurayi ne mai kuzari, mai son a san ya iya. Da ya gama sai ya haye kujerar direba, ya sa giya a firi, ya taka totur har inji ya yi ruri. Idonsa na kan wani ƙaramin geji mai nuna matsin iskar da turbo ke turawa cikin inji. Allurar ta ɗan ɗaga kai, ta koma ta kwanta. Ya sake takawa, ta sake yin haka. Ya diro ya ce, "Alhaji, turbon nan ya mutu. In ba a sake shi ba, wallahi ba za ta hau Kibo da kaya ba." Ya faɗi kuɗin sabo. Gabana ya faɗi, domin adadin ya yi daidai da kuɗin makarantarmu mu uku na shekara guda.

Mahaifina bai yi musu ba. Ya biya kuɗin aiki, ya ce, "Samari, Allah ya yi maka albarka. Amma a bari a ɗora mata kaya tukuna."

Bayan kwana biyu muka juyo da buhu 600, tan 30 cur. Mun wuce Akwanga da hantsi, muka tunkari Hawan Kibo, inda hanya ke miƙewa sama zuwa tudun Jos. Mahaifina ya rage giya, ya danne totur. Injin bai yi rurin da ya yi a gareji ba, gurnani kawai yake yi ƙasa-ƙasa, kuma allurar da ke ƙidaya juyinsa ba ta kai inda bakanike ya kai ta ba. Amma ɗaya allurar, wadda aka yi wa ta'aziyya a Lafiya, sai ta miƙe tana hawa. Daga ƙarƙashin kujerarmu wani siririn fito ya taso, yana ƙara kaifi gwargwadon yadda tudu ke ƙara tsanani. Mahaifina ya nuna gejin da haɓa, bai ce uffan ba.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Yaya aka yi injin da ke ihu a gareji ya kasa tayar da turbo, amma wanda ke gurnani a kan tudu ya tashe shi? Da na girma na bi tarihin wannan na'ura, sai na tarar tambayata ita ce ta riƙe injiniyoyin Turai da Amurka fiye da shekara 70. Ita ce ta sa turbo ya shiga jirgin sama da jirgin ruwa da babbar mota tun da wuri, kuma ita ce ta sa ƙaramar mota ta zama ta ƙarshe da ta karɓe shi.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin maganar. Gawayi ba ya narka ƙarfe sai an zuga shi, kuma ko an tula gawayi buhu guda, wutar ba za ta wuce iskar da take samu ba. Haka inji yake. Kilo 1 na fetur yana buƙatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Zuba mai abu ne mai sauƙi, samar da iska ita ce wahala, domin inji ba ya iya zuƙar fiye da abin da silindarsa za ta ɗauka. Turbo zugazugi ne, sai dai babu yaron maƙeri a bayansa. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya: ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita, ta biyu tana kan hanyar iskar da ke shiga. Hayaƙi ya juya ta farko, ita kuma ta ja 'yar'uwarta, wadda ke danna iska cikin inji. Idan aiki ya kankama sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda.

Abin lura shi ne babu bel, babu sarƙa, babu haƙorin giya da ya haɗa wannan sanda da inji. Hayaƙi ne kaɗai ke juya ta, kuma ƙarfin hayaƙi yana zuwa ne daga yawansa da zafinsa. Injin da ke firi ba abin da yake ja sai nauyin kansa, saboda haka ɗan mai kaɗan ya isa ya kai shi juyi 2,000 a minti. Mai kaɗan, wuta kaɗan, hayaƙi mai sanyi, farfela mai kasala. Amma idan tan 30 na jan motar baya, dole famfo ya riƙa fesa mai ninkin-ba-ninkin a kowane bugu don inji ya riƙe ko da juyi 1,500. Hayaƙin dizal a irin wannan hali yakan haura digiri 600, ya fito da ƙarfi, ya fyaɗi farfela. Iska ta ƙaru, ƙarin mai ya samu damar ƙonewa, hayaƙi ya daɗa ƙarfi, farfela ta daɗa gudu. A injin fetur lamarin ya fi fitowa fili, domin akwai wani faifai a maƙogwaronsa da ke kusan rufe idan ba a danne totur ba, sai ya zama iskar ma kaɗan ce ke wucewa. Gudun inji yana da nasa rabo, tunda injin da ke juyi a hankali ƙwarai ba zai tara isasshen hayaƙi ba ko an danne totur har ƙasa. Amma gudu ba tare da nauyi ba, ihu ne kawai.

Mutumin da ya fara tunanin ɗaure hayaƙi ya sa shi aiki shi ne Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, haifaffen Winterthur a 1879. A zamaninsa injin dizal jariri ne, domin sai a 1897 Rudolf Diesel ya samu nasa ya yi aiki yadda ya kamata. Abin da ya dami Büchi shi ne asara: kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai yana bin salansa ya tafi a banza. A 1905 ya yi rajistar dabararsa ta amfani da wannan hayaƙi wajen danna iska. Tunanin daidai ne, amma ƙarafan lokacin ba su iya jure zafi da gudun da ake buƙata ba. Sai da ya jira shekara kusan 20 kafin ya ga abin nasa yana aikin yau da kullum.

Kafin nan yaƙi ya riga shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙan jiragen sama sun gano cewa duk sa'ad da suka yi sama, injinsu yana rasa ƙarfi, saboda iska tana sirancewa. A Faransa Auguste Rateau ya gwada turbo a injinan jirage gab da ƙarshen yaƙin. A Amurka kuma Sanford Moss na kamfanin General Electric ya yi wani gwaji da ya shiga tarihi. A 1918 ya ɗora injin jirgi samfurin Liberty a bayan mota, aka ja shi zuwa ƙololuwar dutsen Pikes Peak a jihar Colorado, mai tsayin mita kusan 4,300, inda matsin iska bai wuce kashi 60 cikin 100 na bakin teku ba. Injin da ke ba da ƙarfin doki wajen 350 a ƙasa ya faɗo zuwa 230 a can sama. Da aka haɗa masa turbo sai ya koma 356. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Amurka irin su B-17 da P-47 sun dogara da wannan na'ura don tashi can ƙololuwa. A P-47 ma bayan matuƙi aka ajiye turbon, aka ja masa bututu tun daga hancin jirgi.

Büchi kuwa a kan ruwa ya samu sakayyar haƙurinsa. A tsakiyar shekarun 1920 aka ƙera wa Jamus jiragen ruwan fasinja biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, aka sa wa injinansu turbo bisa tsarinsa. Ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. Daga nan jiragen ƙasa masu dizal suka ɗauka. A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa shi a injin babbar mota, kuma a 1954 Volvo na Suwidin ya fito da tasa babbar motar mai turbo kasuwa. Jikokin waɗannan motoci ne suka cika hanyoyinmu daga Legas zuwa Maiduguri, har ɗaya ta faɗo hannun mahaifina.

Idan aka jera waɗannan injina za a ga hali ɗaya ya haɗa su. Jirgin ruwa yakan yi kwanaki yana tura ruwa da ƙarfi iri ɗaya. Jirgin sama da zarar ya daidaita, injinsa zai yi sa'o'i yana aiki tuƙuru ba sauyi. Babbar mota ba ta rabuwa da kaya. Dukkansu hayaƙinsu mai yawa ne, mai zafi, mai ɗorewa, abincin da turbo ke so ke nan. Ƙaramar mota kuwa rayuwarta daban ce. Ta tashi, ta tsaya a danja, ta bi layi a hankali, ta gangara ba totur, sannan a cikin daƙiƙa guda direba ya buƙaci duk ƙarfinta don ya wuce wata motar. Yawancin ranarta ba ta amfani da ko rubu'in ƙarfin injinta. Ga wahalar fetur kuma: hayaƙinsa ya fi na dizal zafi, yakan kusanci digiri 1,000, kuma idan aka matsa masa iska da yawa sai ya fashe a silinda kafin lokacinsa, ya ɓarke fistan.

A 1962 kamfanin General Motors ya yi ƙundunbala ya fito da motoci biyu masu turbo, Chevrolet Corvair Monza Spyder da Oldsmobile Jetfire. Labarin Jetfire darasi ne. Don hana fetur fashewa kafin lokaci, an yi mata wani ƙaramin tanki na ruwa gauraye da sinadarin methanol, wanda ake fesawa cikin inji duk lokacin da turbo ya tashi. Mai tuƙi a hankali zai yi dogon zango bai taɓa ruwan ba, mai nauyin ƙafa kuwa zai shanye shi nan da nan. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin, shi kuwa idan ya ƙare sai na'urar tsaro ta rage ƙarfin turbo, su koma wurin dillali suna ƙorafin mota ta mutu. Bayan shekara biyu aka daina ƙera ta, ba a sayar da ko 10,000 ba.

Jamusawa suka karɓa bayan shekara goma. A watan Satumba na 1973 aka nuna BMW 2002 Turbo a Frankfurt, mai ƙarfin doki 170. Ba a yi wata biyu ba rikicin man fetur ya ɓarke, farashi ya yi tashin gwauron zabo, mota mai gudu ta zama abin kunya. Guda 1,672 kawai aka ƙera. A 1975 Porsche 911 Turbo ta shigo kasuwa da doki 260, kuma ita ce ta koya wa duniya abin da ake kira nawar turbo. Direba zai danne totur, shiru. Turbo yana jiran hayaƙi, hayaƙi yana jiran wuta, wuta tana jiran iskar da turbo bai kawo ba tukuna. Can sai abin ya haɗu gaba ɗaya, ƙarfi ya zo kamar an banko ƙofa. Idan hakan ta faru a tsakiyar kwana, ga inji a bayan mota, sai gindinta ya juyo gaba. Har laƙabi aka yi mata mai ma'anar mai sa mata takaba.

A filin tsere ma an sha wannan wuya. Renault ta shigar da turbo gasar Formula 1 a 1977 da injin lita 1.5. Saboda yawan lalacewa tana tuƙuƙin hayaƙi, Turawan Ingila suka yi wa motar ba'a da sunan butar shayi rawaya. A watan Yuli na 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa da motar Renault mai turbo a Dijon, dariya ta ƙare. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 irin waɗannan ƙananan injina sun haura doki 1,000 a zagayen neman gurbi, har aka haramta su daga 1989. Matuƙan wancan zamani sukan taka totur tun kafin su fita daga kwana, su yi wa turbo kirdadon lokacin da zai farka. A tsere hakan yana yiwuwa, domin ƙafa na kan totur kusan koyaushe. Uwar gida mai kai yara makaranta ba za a ce ta yi haka ba.

Maganin da ya shigar da turbo gidajen jama'a daga Suwidin ya zo. Injiniyoyin Saab, ciki har da Per Gillbrand, sun duba matsalar ta wata fuska. Babban turbo yana son hayaƙi mai yawa kafin ya motsa, ƙarami kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi, sai dai idan nauyi ya yi yawa zai danna iska fiye da kima ya kashe inji. Sai suka ɗauki ƙarami, suka haɗa shi da wata ƙofar rara, wadda ke buɗewa idan matsin iska ya kai iyaka, ta karkatar da sauran hayaƙi ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba. Ba su suka ƙirƙiro ƙofar ba, amma su suka nuna amfaninta a motar iyali. Saab 99 Turbo, wadda aka nuna a 1977, tana ba da doki 145 daga injin lita 2, kuma ƙarfinta yana zuwa tun inji bai yi nisa da juyi ba, daidai inda mai wuce tirela yake buƙatarsa. A 1978 Mercedes-Benz 300SD ta zama motar shiga ta farko mai dizal da turbo, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979.

Duk abin da aka ƙirƙiro bayan nan faɗa ne da matsala guda. An rage nauyin farfela don ta tashi da wuri. An haɗa turbo biyu, ƙarami na ɗan nauyi, babba na babban nauyi. An yi wasu fikafikai masu motsi a kewayen farfela, suna matse hanyar hayaƙi idan ya yi kaɗan don ya fita da tsiri, kamar yadda mai ban ruwa ke matse bakin tiyo da yatsa. Motocin dizal sun daɗe da su kafin Porsche ta sa su a injin fetur a 2006. Da turbo ya koma Formula 1 a 2014, sai aka ɗaura wa sandarsa injin lantarki da ke juya ta kafin hayaƙi ya iso. An rage nawar har ta kusa ɓacewa, amma dokar tana nan: abin da inji ke ja shi ke ƙayyade abin da turbo zai bayar.

Wannan doka ce ta sa masu ƙera motoci suka rungumi turbo a ƙarnin nan. Tunda yana barci idan ba nauyi, ana iya ƙera ƙaramin inji mai shan mai kaɗan a cikin gari, wanda zai zama babba a kan tudu. A 2012 Ford ta fito da injin lita 1 mai silinda uku da ke ba da doki 125. Sai dai ciniki ne mai sharaɗi. Ƙarin iska ƙarin mai yake nema, saboda haka duk lokacin da turbo ke fito, ƙaramin injin yana sha kamar babba. Irin waɗannan motoci suna shigo mana yanzu ta hannu na biyu, kuma mun san yadda ake lodi a tashoshinmu: fasinja a matse, but a buɗe an ɗaure da igiya. Motar da aka tsara don turbonta ya riƙa farkawa jefi-jefi sai ta yini yana aiki, cikin zafin rana da ƙura. Mai ita ya yi mamakin yadda take shan mai, bakanike ya taka ta a firi ya ce lafiyarta ƙalau, ko ya ce ta mutu. Duka hukuncin biyu ba a kan hanya aka yanke su ba.

A ranar da nake ba da labari mun kai saman tudu bayan azahar. Jos tana kan tsayin mita kusan 1,200, iskarta ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin takwas, wato ƙaramin Pikes Peak ne mahaifina ke hawa duk mako bai san sunan Moss ba. Ya faka a gefen hanya don mu yi salla, amma bai kashe inji ba. Na kai hannu ga makulli, ya riƙe ni. Ya ce, "Bari ya huce. Ba a ɗaure doki da guminsa." Daga baya na fahimci dalili: sandar turbo a kan baƙin mai take yawo, idan aka kashe inji tana da zafi sai man ya tsaya, ya ƙone a kanta. Sai da muka yi alwala ya kashe.

A tafiyar da ta biyo baya mun sake tsayawa a Lafiya, wannan karon da kaya. Mahaifina ya nemi izinin maigidan garejin, ya ce wa saurayin nan ya shigo gaba, zai biya masa kuɗin motar komawa. Ni na koma gadon baya. Da muka kama Kibo, fiton ya taso, allura ta miƙe, saurayin ya ƙura mata ido har muka kai sama. Sannan ya ce, "Alhaji, a yafe mini." Mahaifina ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba, abin da ka gani ka faɗa. Wurin duban ne ba daidai ba."

Turbon nan bai mutu ba sai bayan an gama biyan bashin motar. A watan Satumba na wannan shekara mu uku muka koma makaranta.